Na'urar ABS a Jikin Babur: Yadda Take Aiki da Abin da Ya Hana Ta Isowa Ga Ɗan Acaba

A shekarar 1988, watau shekarar da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a nan Nijeriya, kamfanin BMW na ƙasar Jamus ya shigo kasuwa da wani babur mai suna K100 wanda ke ɗauke da wata na'ura da ba a taɓa sayar da babur da irinta ba. Aikin na'urar shi ne ta hana ƙafar babur cijewa a lokacin da mahayi ya danne birki da ƙarfi, kuma ita ce ake kira ABS a taƙaice. A wancan lokaci nauyinta ya kai kilo 11, kuma sai mai hannu da shuni ke iya sayen babur ɗin da ke da ita. A yau akwai irinta wadda ba ta kai rabin kilo ba, sa'an nan doka ta wajabta sa ta a manyan babura a Turai da Japan da Indiya.

To amma mafi yawan baburan da ke ɗaukar fasinja da kaya a Legas da Ibadan da Anaca da kuma ƙauyukan arewa ba su da wannan na'ura, ko da yake da yawansu daga Indiya ake kawo su. Ga mai shigo da babura, da mai raba su ga matasa suna kawo balas, da kamfanin da ke aika saƙonni a cikin gari, sanin yadda na'urar ke aiki shi ne zai nuna masu inda za ta tsare masu dukiya da kuma inda kuɗinta zai tafi a banza.

Abin da ke kayar da mahayi

Birki yana rage juyawar ƙafa ne kawai. Abin da ke tsayar da babur shi ne kamun da ke tsakanin taya da hanya, a wani ɗan wuri da bai fi tafin hannu ba. Injiniyoyi sun daɗe da gano cewa wannan kamu yana kaiwa matuƙarsa ne a lokacin da ƙafa ke ci gaba da juyawa amma juyawar tata ta gaza gudun babur da kimanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Da zarar an zarce wannan iyaka, kamun sai ya fara raguwa. Idan kuwa ƙafar ta tsaya cak alhali babur na tafiya, to taya ta koma jan ƙasa ke nan, kuma ba ta da sauran ƙarfin da za ta riƙe babur kada ya zame gefe.

Idan haka ta faru ga mota, za ta sulale ne a kan ƙafafunta huɗu. Shi kuwa babur, juyawar ƙafarsa ta gaba da 'yan gyare-gyaren da mahayi ke yi da kan babur su ne ke riƙe da shi a tsaye. Saboda haka idan ƙafar gaba ta cije, sau da yawa ko daƙiƙa ɗaya ba a cikawa mahayi ya sha ƙasa. Idan ta baya ce ta cije, gindin babur ne zai riƙa wutsil-wutsil, kuma ƙwararre yakan iya shawo kansa, sai dai shi ma idan ya saki birkin a lokacin da babur ya riga ya karkace, tayar za ta iya kama ƙasa farat ɗaya ta yi jifa da shi.

Wannan ne ya sa 'yan acaba da yawa ke tsoron birkin hannu, suna dogara ga na ƙafa kaɗai. Tsoron nasu yana da dalili, amma yana da tsada. A duk lokacin da aka taka birki, nauyin babur da na mahayi yakan koma kan ƙafar gaba, don haka ita ce ke da kimanin kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin tsayawa, wani lokaci ma fiye da haka. Wanda ya ƙaurace wa birkin gaba ya yar da mafi yawan birkinsa ke nan.

Wani ɗan lissafi zai fito da abin fili. A ɗauka mahaya biyu ne ke gudun kilomita 60 a sa'a, watau kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Na farko ya yi amfani da birki biyu yadda ya kamata, yana rage gudun kilomita 25 a kowace daƙiƙa, saboda haka zai tsaya bayan tafiyar mita 20. Na biyu ya taka na baya kaɗai, yana rage kilomita 15 a kowace daƙiƙa, shi kuwa sai ya ci mita 33 kafin ya tsaya. Bambancin mita 13 ya kai tsawon babbar motar safa. Abin da ya fi muni shi ne, a daidai wurin da na farko ya tsaya, na biyu yana kan gudun kusan kilomita 38 a sa'a, kuma da wannan gudu ne zai afka wa duk abin da ke gabansa.

Yadda na'urar ke aiki

Na'urar ABS tana da sassa huɗu. Akwai wani zobe na ƙarfe mai haƙora ko 'yan ramuka da ake ɗaurawa a tsakiyar ƙafa, yana juyawa tare da ita. Dab da zoben akwai sensa, wadda ke ƙirga haƙoran da ke wucewa ta gabanta ta hanyar maganaɗisu, tana aika ƙidayar ta waya. Sai wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ke karɓar ƙidayar, tana lissafin saurin kowace ƙafa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Na ƙarshe shi ne wani ɗan akwati na ƙarfe da aka sa a tsakiyar hanyar da man birki ke bi daga hannun mahayi zuwa ƙafa, wanda a cikinsa akwai bawul-bawul masu aiki da lantarki, da wata 'yar ma'ajiyar mai, da kuma famfo.

A tafiya ta yau da kullum na'urar ba ta sa baki. Mahayi ya matsa birki, mai ya ratsa ta cikin akwatin ya je ya matse faifan da ke jikin ƙafa, babur ya tsaya. Kwamfutar dai tana lura ne da abu biyu: ko saurin wata ƙafa yana faɗuwa fiye da yadda babur zai iya rage gudu a zahiri, da kuma ko ƙafa ɗaya ta bar 'yar uwarta a baya da tazara mai yawa. Idan ta ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu, ta san ƙafar na gab da cijewa.

Daga nan sai ta ɗauki mataki uku a jere. Da farko ta rufe bawul ɗin shiga, ta yadda komai ƙarfin da mahayi ya ƙara a hannunsa ba zai isa ga ƙafa ba. Idan duk da haka ƙafar ta ci gaba da neman tsayawa, sai ta buɗe bawul ɗin fita, wani ɗan kaso na man ya zurara cikin ma'ajiya, matsin ya sassauta, ƙafar ta sake ɗaukar juyi. Da ta ga ƙafar ta farfaɗo, sai ta mayar da matsin a hankali, shi kuma famfo ya kwashe man da ke ma'ajiya ya mayar da shi sama. Haka za ta yi ta maimaitawa sau da dama a kowace daƙiƙa, cikin saurin da hannun ɗan Adam ba zai iya ba, har babur ya tsaya ko kuma mahayi ya saki birki.

Mayar da man nan da famfo ke yi shi ne ke sa mahayi ya ji hannun birki na ɗan karkarwa, har da wata 'yar ƙara. Wanda bai saba ba yakan ɗauka wani abu ne ya lalace, sai ya saki birkin a daidai lokacin da ya fi bukatarsa. Abin da ake so shi ne ya ci gaba da dannewa, ya bar wa na'urar sauran aikin. Duk mai babura da ya saya wa yaransa irin wannan babur bai kuma kai su fili sun gwada sun ji karkarwar nan da hannunsu ba, to bai gama cin moriyar kuɗinsa ba.

Akwai na'ura mai kula da ƙafa biyu, akwai kuma mai kula da ƙafar gaba kaɗai, wadda ta fi araha kuma ita ce aka fi sa wa ƙananan babura a Indiya. Wasu suna da dabarar gane cewa ƙafar baya na shirin ɗagawa sama saboda tsananin birkin gaba, sai su sassauta. A shekarar 2013 kamfanin Bosch ya fito da wadda ke auna karkatar babur a kan kwana, aka fara sa ta a babur ɗin KTM 1190 Adventure, domin tayar da ke kan kwana ta riga ta kashe wani kaso na kamunta wajen riƙe babur, abin da ya rage mata na birki kaɗan ne.

Inda ƙarfinta ya ƙare

Na'urar ba ta ƙara wa taya kamun da ba ta da shi. Idan taya ta suɗe, ko aka zubar da baƙin mai a kan kwalta, tafiyar da babur zai yi kafin ya tsaya za ta yi tsawo ko da na'ura ko babu, sai dai mahayi ya fi samun damar zama a kan sirdinsa. Haka nan ba ta rage lokacin da mahayi ke ɗauka kafin ya ankara da haɗari, kuma ba ta soke ƙa'idar nan cewa idan gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa yakan ninka sau huɗu.

A kan yashi da tsakuwa da hanyar burji kuwa, lamarin yakan juya. A irin wannan wuri ƙafar da ta cije takan tara ƙasa a gabanta, tarin ya taimaka wajen tsayar da babur, ita kuwa na'urar sai ta riƙa sakin birkin tana hana tarin samuwa, nisan tsayawa ya ƙaru. Shi ya sa baburan da aka ƙera domin shiga daji ke da maɓallin kashe na'urar a ƙafar baya. Wannan batu ne da ya kamata mai shigo da kaya ya yi la'akari da shi, domin babur ɗin da zai riƙa ɗauko buhunan masara daga gona a kan hanyar da ba kwalta bukatarsa dabam take da ta wanda zai yini a kan titin Ikorodu da damina.

Duk da waɗannan iyakoki, alƙaluma sun nuna amfaninta. Wata cibiya da kamfanonin inshora na Amurka ke ɗaukar nauyinta, mai suna IIHS, ta kwatanta babura iri ɗaya, waɗansu da na'urar waɗansu babu. A bincikenta na 2013 ta samu cewa haɗurran da ke jawo mutuwa sun ragu da kashi 31 cikin ɗari a tsakanin masu na'urar, a wani bincike mafi faɗi na 2021 kuma ta samu ragin kashi 22 cikin ɗari. Hanyoyin Amurka da baburanta ba irin namu ba ne, amma abin lura shi ne masu biyan diyya ne suka yi lissafin, kuma su ne suka nemi gwamnatinsu ta wajabta na'urar.

Yadda doka ta karya farashi

Dabarar ta samo asali ne daga jiragen sama. A shekarun 1950 kamfanin Dunlop na Ingila ya ƙera wata na'ura mai suna Maxaret domin hana ƙafafun jirgi cijewa a lokacin sauka, har a 1958 aka gwada ta a jikin babur ƙirar Royal Enfield, amma ba ta shiga kasuwar babura ba. A 1978 Bosch ya fito da mai aiki da lantarki a motocin Mercedes-Benz. Bayan BMW ya buɗe hanya a babura, Yamaha ya biyo baya a 1991, Honda kuma a 1992. Shi Bosch ya fara ƙera ta babura a 1995, zuwa 2009 ya rage nauyinta zuwa gram 700, daga bisani kuma ya fito da mai gram 450 domin ƙananan baburan ƙasashe masu tasowa.

Abin da ya fi karya farashinta shi ne doka. Tarayyar Turai ta zartar da ƙa'ida a 2013 cewa daga watan Janairun 2016 duk sabon samfurin babur da injinsa ya wuce cc 125 dole ya zo da ABS, daga 2017 kuma ƙa'idar ta hau kan duk sabon babur mai wannan girma. Japan ta fara tata a 2018. Indiya, wadda ake sayar da miliyoyin babura a cikinta kowace shekara, ta wajabta na'urar ga sababbin samfura daga Afrilun 2018, ga sauran kuma daga Afrilun 2019. Da masana'antu suka tabbata cewa miliyoyi za su saya, sai suka kafa layukan ƙira, kuɗin bincike ya rarrabu a kan kaya masu yawa, farashin kowace guda ya sauko.

Sai dai dokokin nan sun ja layi a kan cc 125. Babur ɗin da bai wuce haka ba an yarda a sa masa wata dabara mai rahusa da ake kira CBS, wadda ke haɗa birkin gaba da na baya ta yadda idan mahayi ya taka na ƙafa, wani kaso na ƙarfin zai tafi ƙafar gaba. Ita wannan ba ta hana ƙafa cijewa, amma tana maganin ɗabi'ar nan ta ƙaurace wa birkin gaba, kuma ana iya yin ta da 'yan ƙarafa da waya ba tare da kwamfuta ba. A 2025 gwamnatin Indiya ta fitar da daftarin ƙa'ida da ke neman a wajabta ABS ga kowane babur komai ƙanƙantarsa, masu masana'antu kuma suka koka a kan ƙarin farashin da hakan zai jawo wa mai ƙaramin ƙarfi.

Inda kasuwarmu ta tsaya

Baburan haya a Nijeriya, irin su Bajaj Boxer da takwarorinsa na TVS da Honda da na ƙasar Sin, galibi injinsu tsakanin cc 100 ne zuwa 150, kuma mafi yawansu birkin ganga ke gare su gaba da baya, wanda ake ja da waya ko sandar ƙarfe. A nan ne matsalar take, domin ABS tana aiki ne ta hanyar sarrafa man birki, irin wannan babur kuwa ba shi da man birki sam. Kafin a sa masa na'urar sai an canza ƙafar gaba zuwa mai faifai, an sa tukunyar mai da bututu, an kuma tabbatar batir da wayoyinsa za su iya ɗaukar famfo. Saboda haka kuɗin da za a ƙara ya wuce na na'urar kaɗai. Dalili ke nan kuma da ya sa ya kamata a yi hattara da wasu 'yan ƙarafa masu araha da ake ɗaurawa a bututun birki ana kiransu ABS. Abin da ba shi da sensa a ƙafa, ba shi kuma da kwamfuta, ba shi da hanyar sanin ko ƙafa ta cije.

Dokar Indiya ta shafi baburan da ake sayarwa a cikin Indiya ne, wanda za a fitar waje kuwa ana ƙera shi ne bisa ga abin da mai saye ya nema da abin da dokar ƙasarsa ta tanada. Mai saye a nan kuma farashi yake fara tambaya, musamman tun daga 2023 da aka janye tallafin man fetur aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, abin da ya sa kuɗin sabon babur ya yi tashin gwauron zabo. Dillalin da ya kawo mai tsada shi kaɗai yana tsoron kayansa su kwana a shago alhali maƙwabcinsa na sayarwa.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi wanda ke biya da wanda ke amfana. Mai babur shi ne zai biya ƙarin kuɗin a ranar saye, amma idan aka yi haɗari yaron da ke tuƙi da fasinja su ne ke karyewa, danginsu su biya asibiti da mai ɗori, gwamnati kuma ta ɗauki sauran nauyin a asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano da Igbobi a Legas. Muddin wanda zai biya ba shi ne zai kwashi mafi yawan amfanin ba, kasuwa ita kaɗai ba ta cika kawo irin wannan gyara ba. Ko da yake shi ma mai babur yana da nasa kason asarar, domin babur ɗin da ke wurin gyara ba ya kawo balas, wanda aka bayar bisa biyan kaɗan-kaɗan kuma idan mahayinsa ya kwanta jinya bashin ya tsaya ke nan.

Inda lissafin ya fi sauƙin fita shi ne wajen kamfanonin aika saƙo. Dokar zirga-zirga ta Jihar Legas ta 2012 ta hana baburan da ba su kai cc 200 ba hawa manyan tituna, kuma bayan hanin da aka yi wa baburan haya a wasu ƙananan hukumomi a watan Fabrairun 2020, kamfanoni irin su Gokada sun koma harkar kai saƙo. Babura masu wannan girma galibi suna da birkin faifai a gaba, a kan kwalta suke yini, kuma da a Indiya ko Turai za a sayar da su da dole su zo da na'urar. Kamfanin da ke da irinsu ɗari ko ɗari biyu shi ke biyan gyara da diyyar kayan mutane, don haka yana iya duba littattafansa ya ga nawa faɗuwa ke ci masa a shekara, ya kwatanta da ƙarin farashin, ya kuma yi amfani da wannan lissafi wajen neman rangwame daga kamfanin inshora.

Gyara da kayan gyara

Wanda ya sayi babur mai ABS ya kamata ya san cewa fitilar gargaɗinta takan kama idan an tayar da inji, ta mutu bayan an fara tafiya. Idan ta ƙi mutuwa, to na'urar ta daina aiki, birki kuwa yana nan yana kamawa kamar na kowane babur. Abubuwan da suka fi jawo haka su ne laka ko ƙura a bakin sensa, da zoben da ya lanƙwashe wajen faci, da wayar da ta tsinke, da kuma batir mai rauni. Sa tayar da girmanta ya saɓa wa wadda kamfani ya ƙayyade yana rikita lissafin kwamfutar. Shi kuma man birki yana shan danshi daga iska, don haka masu ƙira ke ba da shawarar a canza shi duk bayan shekara biyu, in ba haka ba tsatsa ta ci bawul-bawul ɗin akwatin, wanda shi ne mafi tsada a cikin sassan.

Wannan fage ne da 'yan kasuwar kayan gyara na Nnewi da Legas da Kano za su iya shiga tun da wuri, domin babur mai na'ura yana bukatar sensa da zobe da mai na ƙwarai, da kuma makanikin da ya iya karanta na'urar gano matsala. Dillalin da ya kawo babur bai kawo waɗannan ba, cikin 'yan watanni za a cire fiyus ɗin na'urar a ci gaba da tafiya, kuɗin da aka biya ya tafi a banza.

Ta fuskar hukuma kuwa, Nijeriya ta shiga yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya kan ingancin ababen hawa a 2018, kuma shirin Majalisar na 2021 zuwa 2030, wanda ke neman rage mace-macen hanya da rabi, ya lissafa ABS ta babura cikin abubuwan da yake son ƙasashe su wajabta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a haɗurran hanya a 2021. Idan Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki da Hukumar Bunƙasa Ƙera Motoci da Hukumar Kiyaye Haɗurra za su bi sawun Indiya, hanyar da ta fi dacewa da aljihun jama'a ita ce a fara da wajabta CBS ga ƙananan babura da ABS ga waɗanda suka wuce cc 125, a kuma ba masu shigo da kaya da masu harhaɗawa a cikin gida wa'adin da za su shirya. Ƙa'idar da ta hau kan kowa ita ce za ta kawar da tsoron da dillali ke yi na cewa maƙwabcinsa zai karya masa farashi.

Kafin a kai ga haka, abin da ke hannun ɗan kasuwa shi ne ya tambayi wanda ke kawo masa kaya nawa ne bambancin farashi tsakanin samfurin da ake aiko mana da wanda ake sayarwa a Indiya, ya duba irin hanyar da baburansa ke bi, sa'an nan ya koya wa yaransa amfani da birkin gaba, domin wannan darasi na ƙarshe ba ya bukatar canjin kuɗin waje.